Gwangwanin Kaka: Tsohon Kuɗi, Lambarsa da Darajarsa



A wannan fitowa zan ajiye batun da na yi alkawari, domin wata wasiƙa ta zo mini daga wata baiwar Allah a Maraɗi, na kuma ga bai kamata a jinkirta amsarta ba. Ta ce kakarsu ta rasu shekara biyu ke nan, an raba gona da awaki da tufafi lami lafiya, sai wani gwangwani guda da aka tarar a ƙasan akwatinta. A cikinsa akwai manyan daloli tara na azurfa, kowace da hoton wata mace da shekarar 1780. Akwai riyal uku na azurfa da marigayiyar ta zo da su daga aikin hajji. Akwai kuma kwabbai da aninai masu huda, da wasu tammomi marasa nauyi na zamanin Faransawa. Wani baƙo ya ga dalolin, ya ce kowace ɗaya ta isa ta sayi gida, tunda ta haura shekara ɗari biyu. Tun daga ranar gwangwanin ya zama fitina. Babban yayansu ya kulle shi, ƙannen suna zarginsa, kuma cikin magada akwai marayu biyu. Tambayarta ita ce: mene ne gaskiyar darajar waɗannan kuɗi?

Malama, Allah Ya jiƙan kakarku, Ya kuma saka miki da kika nemi sani kafin hukunci. Amsarki tana buƙatar mu ɗan zagaya, amma ba za mu ɓata hanya ba.

Dalar da shekararta ba ta tsufa

Matar da ke jikin dalar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta yi mulki daga 1740 zuwa rasuwarta a 1780. Fatake a ƙasashen Larabawa da Habasha da Sudan har zuwa ƙasar Hausa sun amince da dalarta, saboda nauyinta da kyawun azurfarta ba sa canjawa. Da ta rasu, sai aka ga idan aka sauya hoto ko shekara kasuwa za ta ƙi karɓa. Saboda haka aka ci gaba da buga ta da shekarar 1780 ɗin nan ba canji. An buga ta a Biyana, daga baya kuma a Rum da Landan da Faris da Burusel da Bombai, kuma har yau gidan buga kuɗi na Ostiriya yana buga ta yana sayarwa. Adadin da aka buga ya haura miliyan 300. Ke nan dalar da ke cikin gwangwanin kaka tana iya zama ta ƙarni na 19, tana kuma iya zama ta zamanin yaƙin duniya na biyu. Shekarar da ke jikinta ba ta shaidar ranar haihuwarta.

Wannan ba ya nufin ba ta da daraja. Nauyinta giram 28.07 ne, kashi 833 cikin 1000 azurfa ce, wato akwai giram 23.39 na tsantsar azurfa a kowace ɗaya. Tana kuma da daraja a tarihinmu. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala guda a kan wuri 2,500. Da Faransawa suka zo da ƙwandalarsu ta azurfa mai tamma biyar, wadda girmanta ya kusa da na dalar Ostiriya, sai mutanenmu suka ɗora mata sunan. Shi ya sa har gobe muke ce wa sefa 5 dala, sefa 100 dala ashirin. Kowace safiya uwar gida tana ambaton wannan tsohuwar ƙwandala a wurin mai tumatir ba tare da ta sani ba.

Tara kuɗi don sani

Akwai mutane a duniya da suka mai da tara tsabar kuɗin ƙasashe abin sha'awa da fagen nazari. Faransawa suna kiran wannan fanni numismatique. Wanda bai sani ba zai ce wasan yara ne, alhali kuwa ƙwandala shaida ce da ba ta mantuwa: tana faɗin sunan mai mulki, da garin da aka buga ta, da shekara, da ƙarfen da ƙasa ke iya samu a lokacin.

Mu Musulmi muna da babban rabo a wannan fanni. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan, a shekara ta 77 bayan hijira (696 zuwa 697 miladiyya), ya buga dinari na zinariya wanda babu hoton kowa a jikinsa, sai kalmar shahada da ayoyi da shekarar bugu. Nauyinsa kimanin giram 4.25 ne. Wannan dinari shi ya zama abin koyi ga daulolin Musulunci na tsawon ƙarnuka, kuma da nauyinsa malamai na wannan zamani suke lissafa nisabin zakka. Wanda ya riƙe irin wannan dinari a hannu, babin zakka ya tashi daga karatu ya koma abin gani da ido.

Yadda aka ba kowace ƙwandala lamba

Ire-iren tsabar kuɗin da aka buga a duniya dubban dubbai ne. Idan mai saye yana Faris, mai sayarwa yana Yamai, ta yaya za su tabbata abu guda suke magana a kai? Wannan matsala ce ta haifar da kundayen da ake kira katalog, inda ake ba kowane nau'i lamba, kamar yadda gwamnati ke ba mota lamba.

Wani Ba'amurke, Richard Yeoman, ya fitar da kundinsa na kuɗin duniya a 1957, wanda ya fara daga kuɗin 1850. Lambobinsa ake rubutawa da harafin Y. William Craig ya biyo baya a 1966 da na shekarun 1750 zuwa 1850, lambobinsa da harafin C. Sannan a 1972 Chester Krause da Clifford Mishler suka fitar da Standard Catalog of World Coins daga wani ƙaramin gari mai suna Iola a jihar Wiskonsin ta Amurka. Kundin ya yi ta girma har aka raba shi juzu'i biyar, kowane ƙarni da nasa, tun daga 1601. Lambobinsa, da ake rubutawa KM, wato haruffan farko na sunayen mutanen biyu, su ne suka fi yaɗuwa a duniya. Kamfanin da ya mallaki kundin ya karye a 2019, aka daina fitar da sabon bugu na takarda kowace shekara, amma lambobin suna nan ana aiki da su.

Ga ƙa'idojin da ya kamata a riƙe. Na farko, kowace ƙasa tana da nata jerin da ya fara daga 1, don haka faɗin KM 4 kaɗai ba ya wadatarwa sai an ambaci ƙasa. Na biyu, lambar ta nau'i ce, ba ta shekara ba. Dala ashirin ɗinmu ta bankin BCEAO, wadda aka fara bugawa a 1967, lambarta KM 4 ce a jerin ƙasashen Afirka ta Yamma, ko ta 1967 ce ko ta 1990. Dala goma, da ta fito a 1972, KM 6 ce. Dala hamsin mai launi biyu ta 1992, wadda ƴan kasuwa suka daɗe suna ƙin karɓa, KM 13 ce. Dala ɗari ta 2003 kuwa KM 15. Na uku, idan zane bai canja ba amma ƙarfe ya canja, sai a ƙara harafi: dala guda tana da KM 2 da KM 2a. Idan ɗan bambanci ne a zane ko rubutu, sai a sa ɗigo da wata lamba a baya. Harafin E a gaba yana nufin bugun gwaji, wanda ke ɗauke da kalmar ESSAI a jikinsa. Dalar kaka kuwa lambarta KM T1 a jerin Ostiriya, harafin T yana nuna kuɗin fatauci ce.

Ba KM kaɗai ba ne. Masu tara kuɗin Faransa suna bin kundin Victor Gadoury, wanda ya fara fita a 1973. Na ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka suna da kundin Jean Lecompte. Kuɗin zinariya suna da lambobin Friedberg, na takarda suna da lambobin Pick. Tsofaffin kuɗin daulolin Musulunci kuwa ana bin lambobin Stephen Album, wanda ya fitar da jerinsa na farko a 1993. A intanet akwai shafin Numista, wanda wani Bafaranshe ya kafa a 2007. Ana duba shi kyauta, da Faransanci ma, kuma yana kawo hoto da nauyi da faɗi da lambar KM ta kowace ƙwandala. Duk wanda ke da wayar hannu yana iya gano sunan abin da ke hannunsa kafin wani ya raɗa masa sunan ƙarya.

A kula, lamba ba farashi ba ce. Amfaninta shi ne ta kai ka layin da ya dace, inda za ka ga ƙarfen, da nauyin, da yawan da aka buga a kowace shekara.

Karanta ƙwandala

Kafin a nemi lamba sai an iya karanta abin da ke jiki. A sami tabarau mai ƙara girma da haske mai kyau. A duba sunan ƙasa, da adadin kuɗin, da shekara, sannan ƙananan alamomi.

Shekara tana da tarko. Kuɗin ƙasashen Musulmi da yawa suna ɗauke da shekarar hijira. Hanya mai sauƙi ita ce a ninka ta da 0.97 a ƙara 622: riyal na Saudiyya mai 1354 ya faɗa a 1935. Shi ma an ci gaba da buga shi da wannan shekara na wasu shekaru, har a Filadelfiya ta Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu. Kuɗin daular Usmaniyya kuwa lamba biyu suke ɗauka: shekarar hawan sarki da shekarar mulkinsa. Idan aka ga 1293 da kuma 10, ana nufin shekara ta goma ta mulkin Sultan Abdulhamid na Biyu, wato 1302 bayan hijira.

Ƙananan alamomi suna faɗin maƙerar. A kan tsabar sefa, wadda gidan buga kuɗi na Faris ke bugawa, za a ga ɗan ƙaho cike da ƴaƴan itace, alamar gidan ke nan, da kuma wata alama ta shugaban masu zane na lokacin: mujiya daga 1958 zuwa 1974, kifin dolfin daga 1974 zuwa 1994, ƙudan zuma daga 1994 zuwa 2000. A kan kwabban Ingilishi na Afirka ta Yamma, harafin H yana nufin maƙerar Heaton, KN kuma King's Norton, duka a Birmingham. Wani lokaci harafi guda ɗin nan shi ke raba ƙwandala mai araha da mai tsada.

Abin da ke sa daraja

Abu huɗu ne ke yanke farashin tsohon kuɗi, kuma tsufa ba ya cikinsu.

Na farko ƙarfe. Zinariya da azurfa suna da farashinsu na awo, kuma ƙwandala ba ta faɗuwa ƙasa da shi sosai. Tagulla da nikel da alminiyam kuwa ƙarfensu bai taka kara ya karya ba.

Na biyu ƙaranci, wato nawa aka buga, nawa kuma suka rage. Amurka ta buga ƙwandalar zinariya ta dala 20 har 445,500 a 1933, amma aka narkar da kusan dukkansu kafin su fita. Guda ɗaya tak doka ta yarda mutum ya mallaka, ita ce aka sayar a gwanjo a 2021 kan dalar Amurka miliyan 18.9. Haka wani dinarin Banu Umayya na shekara ta 105 bayan hijira, wanda rubutunsa ya ambaci ma'adinin Amirul Muminina a Hijaz, an sayar da shi a Landan a 2011 kan fam miliyan 3.72, domin kaɗan ne irinsa suka rage. Irin waɗannan labarai su ne maƙaryata ke ɗauka su liƙa wa kwabon da aka buga miliyoyi.

Na uku lafiyar ƙwandalar. Faransawa suna da matakai shida: B, TB, TTB, SUP, SPL, da FDC, daga wadda ta side har zuwa wadda hannu bai taɓa ba. Amurkawa suna bin ma'aunin Sheldon na 1949, daga 1 zuwa 70. Ƙwandala iri ɗaya, shekara ɗaya, farashinta na iya ninkawa sau da yawa tsakanin matakin ƙasa da na sama. A nan ne iyayenmu mata ke yin ɓarna da kyakkyawar niyya: a ɗauko toka da lemun tsami a goge ta sai ta yi ƙyalli. Guga tana kankare fatar ƙarfen, masana kuma suna gane ta nan take su rage farashi. Wadda aka huda ko aka liƙa mata kunne don sarƙa, ta fita daga hannun masu tarawa ta koma hannun maƙerin fari.

Na huɗu masu so. Abin da ba mai nema, ko guda ɗaya ne a duniya, ba shi da kasuwa. Farashin da ke cikin kundi kuma ƙiyasi ne na abin da mai shago a Turai zai sayar. Abin da zai ba ka idan kai ne mai sayarwa ya gaza haka.

Mu koma ga gwangwani

Malama, ga lissafinku. Daloli tara, idan na gaske ne, suna ɗauke da kimanin giram 210 na azurfa. Riyal uku, kowane giram 11.66 mai kashi 917 cikin 1000, sun ba da kimanin giram 32. Ku tambayi farashin giram na azurfa a wurin maƙera biyu ko uku, ku ninka. Wannan shi ne tushen darajarsu, da ɗan ƙari kaɗan ga waɗanda ba a huda ba. Kuɗi ne na kirki, amma ba na sayen gida ba. Don gane jabu, a auna nauyi a sikelin maƙeri, a kusanto da maganaɗisu, domin azurfa ba ta kama shi, a kuma duba rubutun da ke zagaye da bakin dalar. Akwai wasu bugu na farko-farko da masana ke biya da tsada; idan kuna son cire shakka, ku ɗauki hoton fuska biyu da baki ku kwatanta da abin da ke cikin kundi kafin ku sayar.

Kwabbai da aninai masu huda, ko da akwai na 1936 mai sunan Sarki Edwad na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta kafin ya cika shekara, an buga su da yawan gaske, kuɗinsu kaɗan ne. Haka tammar alminiyam ta 1948 mai kan barewa. Waɗannan darajarsu ta tarihi ce. Aninin farko na 1907 ma yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka kashe a duniya, kuma an rubuta adadinsa da Larabci domin mutanenmu su iya karantawa.

Abin da shari'a ta ce

Gwangwanin nan gado ne, ba mallakar wanda ya riƙe mabuɗi ba. Wajibi ne a kimanta shi a gaban shaidu a raba, tun ba ma da yake akwai marayu ba. Jinkirta hakkinsu saboda jiran mai saye na mafarki ba uzuri ba ne. Idan wani cikinku yana son ya riƙe dalolin don tunawa da kaka, ya saye su a farashin da aka kimanta, a raba kuɗin.

Azurfa da azurfa ba a musanya su sai nauyi daidai da nauyi, hannu da hannu. Tsufan ɗaya ko kyawunta ba ya halatta ƙari. Idan da sefa za a saya, farashi ya rage ga yardar juna, amma a biya nan take ba bashi. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, wato dala 26 irin ta kaka. Na zinariya dinari 20, kimanin giram 85. Abin fitarwa kashi 2.5 cikin 100 bayan shekara ta zagayo. Abin da ke gwangwaninku bai kai ba shi kaɗai, sai dai kowa ya haɗa rabonsa da sauran kuɗinsa ya duba. Wanda kuma ya san darajar ƙwandala ya ruɗi tsohuwa ya karɓe ta a banza, da wanda ya sayar da jabu da sunan na gaske, dukkansu sun ci haram. Inda al'amari ya rikice, a kai shi gaban malamin da ya san rabon gado.

Ga sauran iyaye kuwa, shawarata ita ce kada a zubar da irin waɗannan kwabbai. A ba yaro littafin rubutu guda, ya ja layi: ƙasa, adadi, shekara, ƙarfe, lamba, da inda aka samo. Ya fara da canjin cefane, ya nemi dala ashirin ta kowace shekara. Alhazai su kawo masa halala ta Saudiyya, matafiya su kawo kwabon Najeriya da pesewa ta Gana da sefar Kamaru da Cadi. Ya riƙa kama kowace ta baki, ya ajiye ta cikin ƴar takarda a wuri busasshe. Ta wannan hanya zai koyi lissafin hijira, da taswirar duniya, da haƙurin bincike, ya kuma tashi yana tambayar hujja kafin ya gaskata labarin dukiyar dare ɗaya.

Malama, ki karanta wa yayanku wannan shafi cikin ladabi, ku kira ƙannen a buɗe gwangwanin a gaban kowa. Giram 242 na azurfa bai kai a yanke zumunci dominsa ba. Allah Ya haɗa kanku, Ya albarkaci marayunku, Ya ciyar da mu halal. Sai fitowa ta gaba, idan Mai duka Ya kai mu.